Tsohon Da Ya Kawar Da Duwatsu

Yau ku ɗaura ɗamara mu tafi ƙasar Sin, lardin Henan, inda duwatsun Taihang suka tsaya kamar ganuwa.

Can bisa duwatsun akwai wani ƙauye, Gwoliyang. A da hanyar shigarsa ɗaya ce, matakala 720 da aka sassaƙa a jikin dutse. Ki duba wahalar sauko da mara lafiya ta nan! A 1972 mutum 13 na ƙauyen suka ɗauki guduma suka fara huda dutsen. A 1977 aka buɗe hanyar, tsawonta wajen yadi 1,300, har mota na bi.

In Sinawa suka ga irin wannan aiki sai su ce, "Yu Gung yi shan." Watau, tsohon wawa ya kawar da dutse. Kada kalmar wawa ta ruɗe ki, yabo ne. Sukan faɗa wa duk wanda ya tasa dogon aiki gaba, mutane na yi masa dariya, bai fasa ba.

Asalin maganar tatsuniya ce. Wai wani tsoho mai kusan shekara 90, duwatsun Taihang da Wangwu sun tare masa ƙofar gida. Ya tara iyalinsa ya ce a kwashe su. Matarsa ta tambaya, to ina za a zuba ƙasar? Aka yi shawara, aka ce bakin teku. Har ɗan wata gwauruwa, yaro ƙarami, ya zo taya su. Wani mai ganin kansa da wayo ya yi ta dariya. Tsoho ya ce in ya mutu akwai 'ya'ya, akwai jikoki, dutse kuwa ba ya ƙara girma. Daga ƙarshe, wai, Sarkin Sama ya ji tausayi ya sa aka ɗauke duwatsun.

Ni matar nan ta fi burge ni. Tambayarta ce ta mai da buri ya zama aiki mai tsari.

To, ke 'yar makaranta da lissafi ya tsaya miki a wuya, da ke uwargida mai son ƙara karatu bayan aikin gida, ku yi tambayar matar nan: yaushe, a ina, shafi nawa a rana? Sa'an nan a ɗauki kwando. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.