Dala da Tamma

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wata yarinya ƴar aji huɗu a lakwal, wadda kowace safiya sai ta zaga da ƙosan mahaifiyarta kafin ta tafi makaranta. Ba a taɓa cutar ta wajen canji ba. Ta san dala tamma 5 ce, dala 20 tamma 100, dala metan kuwa jika guda. In mai saye ya miƙo dala 100 ya ɗauki ƙosan dala 30, kafin ya buɗe baki ta ƙirga masa dala 70.

A aji kuwa, ranar da mushe ya rubuta 500 a cire 150 a kan allo, ya karanta da Faransanci, sai ta yi tsuru. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan 500 ɗin ita ce dala 100 da ke shiga hannunta kullum. Kasuwa tana ƙirga sefa da dala, littafi yana ƙirga ta da tamma, yarinyar kuma tana zaton lissafi biyu ne dabam.

Da damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, jarin uwar ya karye. Ta ranci jika 10 a wurin wani mai shago, bisa sharaɗin ta biya jika 12 bayan wata biyu. Da dare ta kira ƴar ta ce: “Ke da kike karatu, duba mini, wannan bashin zai fitar da mu?”

Yarinyar ta san an ɗora jika biyu. Abin da ba ta iya ba shi ne auna jika biyun da ribar ƙosai. Ribar yini dala 60 ce, wato kuɗin ruwan kaɗai zai cinye wahalar kusan kwana bakwai. Ta sunkuyar da kai ta ce: “Inna, ba a koya mana wannan ba.”

Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne hujjar masu cewa a wajabta koyar da sha'anin kuɗi tun daga firamare. Yara da yawa karatunsu ba ya wuce aji shida, alhali tun kafin nan suna riƙe da kuɗin gida. Darasin ba ya bukatar sabon gini. Yana bukatar malamin da zai rubuta dala kusa da tamma, ya bambanta uwar kuɗi da riba, ya bambanta riba da kuɗin ruwa, ya sa yara su lissafa zubin adashi da ranar kwasa, duk da harshen da suke ciniki da shi.

Uwar ta biya bashin da kaka, bayan ta sayar da akuyarta. Ƴar tana aji biyar yanzu. A bangon littafinta na lissafi ta ja layi biyu da kanta, ɗaya na dala, ɗaya na tamma.