Ƙasa ake fara tambaya

Ƴan fadarmu dariya suke mini: wai ɗan Maradi da kurket! Laifin Lagaan ne, fim ɗin Aamir Khan da na kalla ina yaro. Tun daga nan nake bayan Indiya.

Ran Lahadi 19 ga Nuwamba 2023, wasan ƙarshe na kofin duniya a Ahmedabad, kuɗin kalacina na zuba kiredi don in kalla a salula. Indiya ta ci wasa 10 a jere, shi ya sa ba a canza kowa ba. Ni ko Ashwin na so a sa. Filin busasshe ne, ƙwallo in ta bugi ƙasa sai ta yi sanyi, irin wurin da mai murza ƙwallo ke so. Aka bar shi zaune.

Pat Cummins, kyaftin ɗin Ostareliya, shi ya karanta ƙasar. Da ya ci ƙuri'a sai ya ce su za su fara jifa, don in dare ya yi raɓa na sauka, bugu ya yi sauƙi. Indiya ta tsaya a maki 240, Travis Head shi kaɗai ya yi 137.

Wataƙila raɓar nan da ta hana Ashwin ma murzawa, na yarda. Amma baba bai taɓa shuka shinkafa a jigawa ba don ta yi kyau bara a fadama.

Wallahi ranar da yunwa na kwana, ƴan fada kuma har yau "Ashwin" suke kirana.