Masu Haƙa

Ranar da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, cikin watan Agustan 2021, ruwa ya kwana yana zuba a garin Lafia, har muka ɗauka ba za a sami damar kai shi makwancinsa da safe ba. Amma tun kafin a gama yi masa sutura, sai ga yaro da saƙo wai kabari ya kammala. Ban tambayi wanda ya haƙa ba. Sai da muka sauke makara na lura da wasu dattawa uku a gefe, taɓo har gwiwa, wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu ya ba sittin baya.

Bayan addu'ar uku na ƙunshe 'yan kuɗi na koma maƙabarta wajen babbansu, wanda kowa ke kira Baba. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ce za a sayi shebur da ƙotar diga. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, Allah ya saka da alheri. Sai dai kuɗi ba ya sare ciyawa. Ran Asabar bayan asuba muna gayyar shara, ka zo da adda." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Asabar huɗu ta wuce ban je ba.

Abin kunyar shi ne, ni jikan manomi ne, na kuwa san gayya. Ina yaro na sha ganin samari sun jeru a gonar kakana da ke kan hanyar Doma suna tayar da kunyar doya, makaɗi na biye da su, mata na sauke kunu da tuwo a gindin bishiya. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma kowa ya san ranar tasa gonar na tafe, kuma wanda ya noƙe yau shi kaɗai zai sha rana gobe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 Lafia ta zama babban birni, sai garin ya cika da mu ma'aikata, ya ƙara cika bayan kafa jami'ar tarayya a 2011. Ofisoshin ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita, da allunansu da fararen motocinsu, har ta kai in ka ce wa matashi ga aikin sa-kai, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne alawus. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ciki ba ya jiran lada.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa mun zama marowata. Muna fitar da zakka da fidda-kai, muna ciyarwa da azumi, ran Juma'a kuwa ba ma hana mabaraci. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanu da na Izala har yau suna tsayuwa cikin rana a filin idi da wurin jana'iza. Amma ire-irena 'yan boko mun gano wata dabara: mu miƙa abin da ke aljihu domin mu fanshi jikinmu da lokacinmu, mu koma gida zuciya wasai.

A cikin waɗannan makonni na ɓuya ne na ci karo da labarin wasu mahaƙa a can ƙasar Meksiko, ya hana ni sakat. Ranar 19 ga Satumba, 1985, girgizar ƙasa ta rushe sassan babban birnin ƙasar, dubban mutane suka hallaka. Hukuma ta yi nawa, sai talakawan gari suka fito da guduma da bokiti da hannu tsura. Wasu daga cikinsu a unguwar Tlatelolco suka riƙa kutsawa ta ƙananan kafofi a ƙarƙashin ɓaraguzai suna zaƙulo masu sauran numfashi, har aka laƙaba musu suna Topos, wato wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da ƙura ta lafa ba su watse ba. A 1986 suka zama ƙungiya, suka nemi horo, suka ɗauki sababbin jini, har suka kai ɗauki Haiti a 2010 da Turkiyya a 2023. Su ma Meksikawa suna da tasu gayyar ta gargajiya a ƙauyukan jihar Wahaka, wadda suke kira tekiyo, inda kowane magidanci ke fita gyaran hanya ko makaranta, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tara.

Da na auna su da su Baba, ban ga sun fi su zuciya ba. Magada kawai suka fi su. Dattawan nan uku ba su da suna a takarda, ba su da asusu, kuma babu yaro ko ɗaya a bayansu da ke koyon yadda ake auna tsawon mamaci da kara, ko yadda ake fitar da lahadu a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba tare da ta rufta ba.

Asabar ta biyar na ari adda na tafi. Mu tara ne, yawancinmu furfura. Tofa ta yayyanke mini ƙafa, kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo. Baba bai ce mini komai game da makarata ba, illa dai ya gyara mini riƙon addar ya wuce. Daga nan na ɗan riƙa zuwa, wani wata sau biyu, wani watan ko sau ɗaya babu, domin gaskiya uzurin ofis bai taɓa ƙare mini ba.

Bara da rani aka buga mini waya da asuba cewa Baba ya cika. Da na isa maƙabarta na tarar da abokan aikinsa biyu, ɗaya ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, sai wani ɗan acaɓa da ya ajiye mashin ɗinsa a bakin ƙofa. Ni da shi muka karɓi diga. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, aikin da suke gamawa cikin awa guda ya ci mana kusan uku, jama'a na jira a ƙofar gida. Da muka ce mun gama, tsohon da ya rage da ƙarfi ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, lahadun nan ya karkace." Ya tuɓe hula, ya miƙo mini hannu na riƙe shi ya sauka ciki.