Tambarin Goshi da Murfin Ƙafa

Mota idan ta mutu ba ta daɗewa a kwance. 'Yan gwangwan su sare ta, a aza a sikeli, a kai ta inda ake narka ƙarfe, bayan 'yan watanni ta dawo kasuwa a matsayin rodi. Abin da kan tsira daga wutar shi ne ɗan abin da ke shiga aljihu: tambarin da ke goshin lagireto, da murfin da ake ɗaurawa a cibiyar ƙafa. Su nake tarawa shekara da shekaru, ina bin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano da tsofaffin gareji, wani lokaci kuma in yi musaya da masu irin wannan sha'awa a ƙasashen waje.

Da farko kyansu ne ya ja ni. Tambarin motocin shekarun 1910 da 1920 ba fenti ba ne. Jan ƙarfe ake bugawa a fitar da zane, a cika ramukan da garin gilashi mai launi, a gasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800, sannan a goge. Irin aikin da ke jikin kwanukan jeren iyayenmu mata ke nan, shi ya sa idan ya bugu yakan ɓantare, ba ya kankaruwa. A wancan zamani lagireto a fili yake, shi ne fuskar mota, a nan kamfani ke sa hannu. Da aka shiga shekarun 1930 aka fara ɓoye shi a bayan raga, tambarin ya koma kan raga ko bonet.

Amma fuskar tambari ba ita ke faɗin gaskiyarsa ba, bayansa ne. A can ake ganin ragowar dalmar da aka liƙa shi da ita, da tsatsar abin da ya riƙe shi, wani lokaci har da sunan maƙerin da ya yi shi, kamar J. Fray na Birmingham a Ingila ko D. L. Auld na Columbus a Amurka, domin kamfanonin mota da yawa ba da kansu suke ƙera shi ba. Yanzu ana buga sababbi masu kama da na da, a zuba roba a maimakon gilashi, a shafa musu baƙi don su yi kamar sun tsufa. Gaban yana iya ruɗar kowa. Bayan kuwa sumul yake, bai taɓa zama a jikin mota ba. Duk wanda ya miƙo mini tambari, kafin in dubi hoton sai na juya shi, kuma dillalin da ya san kayansa ba ya jin haushin haka.

Murfin ƙafa ma haka. Na farkon ba faranti ba ne mai rufe ƙafa gaba ɗaya irin na yau. Ɗan ƙoƙo ne na tagulla ko alminiyam, mai zare a ciki, ana murɗa shi a cibiyar ƙafar da sandunanta na katako ne, ya riƙe giris ya hana ƙura shiga boris. Na Ford Model T ba ya wuyar samu a waje, tunda daga 1908 zuwa 1927 an ƙera motar fiye da miliyan 15. Mai wuya shi ne na kamfanonin da suka shuɗe, irin su Hupmobile da Essex. A jikin na gaske za a ga cizon sifana a kusurwoyinsa. Wannan cizon nake so. Wani direba ne ya tsuguna a gefen hanya ya kwance shi, wataƙila shekara ɗari da ta wuce.

Saboda haka ba na goge su. Mutane kan ce, "Malam, ka sa toka da lemon tsami mana, ya fito fes." Ruwa da sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun wadatar. Tsami yana cin ƙarfe, guga mai ƙarfi tana tafiya da siririn farin rufin da aka yi wa wasu, kuma duhun da shekaru suka ɗora ba ya dawowa. Tambarin da ya ɓantare a gefe ɗaya ya fi mini wanda aka cike da fenti.

Sai kuma karatu, wanda ban yi zaton wannan harka za ta ja ni gare shi ba. Zakin Peugeot da muka taso muna gani a motocin da ake haɗawa a Kaduna tun 1975 ya girmi mota kanta: a 1858 aka yi masa rajista, lokacin kamfanin yana ƙera zarto. Tauraron Mercedes mai tsini uku an yi masa rajista a 1909, ganyen da ke kewaye da shi kuwa na Benz ne, an haɗa su a 1926 da kamfanonin biyu suka zama ɗaya. Tambarin Morris sa ne yana ƙetare ruwa, alamar garin Oxford. Na Albion ta Scotland rana ce tana hudowa. Wanda ya san waɗannan ba a sayar masa da tatsuniya.

Akwai abin da ba na yi ko nawa ne ribarsa: ba na cire tambari daga motar da ke da rai, kuma ba na saye a hannun yaron da ya kasa faɗin inda ya samo. Idan akwai mai saye babu tambaya, za a sami mai ɓallewa da dare. Tsohuwar Peugeot 404 a-kori-kura da har yanzu ke dakon hatsi ta fi ni cancantar zakinta.

Kowane ɗaya da ya shigo hannuna ina ɗaura masa 'yar takarda: inda na same shi, daga wace mota, me mai shi ya ce. Wannan ne ɓangaren da ya fi gaggawa, don masu labarin suna ƙarewa. Wani tsohon direba ya riƙe tambarin Bedford, ya daɗe yana shafa dabbar nan mai fiffike da ke jiki, ya ce, "Yaro, irin wannan na tuƙa ina jigilar gyaɗa zuwa Kano." Na ce, "Baba, ta wace hanya?" Ya gyara zama ya fara lissafa garuruwa, da inda ake tsayawa a ƙara wa lagireto ruwa, da gangaren da karen mota ke sauka da weji a hannu. Takardar ba ta isa ba, sai da na buɗe littafi.