Nuna min da hannunki

Shekara uku na yi a makarantar koyon aikin jinya, kuma ko darasi ɗaya ba a yi mana da Hausa ba. Turancin ma ba irin na sakandare ba ne, domin yawancin kalmomin asibiti aro ne daga Girkanci da Latin. Ina da wani ɗan littafi da nake tara su: kalmar da ta ƙare da "itis" tana nufin kumburi, "hyper" abu ya yi yawa, "hypo" ya yi ƙasa. Har a cikin adaidaita sahu hadda nake yi. Ranar da na karɓi lasisi, gani nake na gama da harshen asibiti.

Inda aka fara tura ni, likitan da ke kwana da mu ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo?" ba. Sai na zama tafinta, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana fasa min kai.

Wani dare aka kawo wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, surukarta na riƙe da ita. Na ce, "Baiwar Allah, me ke damun ki?" Ta ce, "Sista, zuciyata ce ke min ciwo tun la'asar, ga kaina kamar zai tsage." Surukar ta karɓe zancen, ta ce ai ƙwannafi ne na masu ciki, gashin jariri ne ke fitowa. Ni kuwa da ma kalmar Turancin ƙwannafi na kan harshena, sai na miƙa wa likita ita, na haɗa masa da ciwon kai a taƙaice. Ban auna jininta ba tukuna. Ya ja kati zai rubuta maganin ƙwannafi da farasitamol.

Babbar nas ɗinmu, wadda muke kira Anti, tana gefe tana cike takardu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso ta ce da yarinyar, "'Yata, nuna min da hannunki." Yarinya ta dafa ƙasan haƙarƙarinta na dama, wajen hanta. Anti ta ce, "Idonki fa?" Ta ce tana ganin wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta. Aka ɗaura mata abin awo: 170 bisa 110. Aka gwada fitsari, ga furotin. Ƙafafunta da fuskarta a kumbure, ni kuwa na ɗauka ƙibar ciki ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san wannan ciwon. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Hawan jinin masu ciki ne, wanda kan bayyana bayan mako 20, ana fara zarginsa daga 140 bisa 90, idan ya kai 160 bisa 110 kuma ya yi tsanani. Shi ne ke kai mace ga jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune. Sunansa na asibiti ma daga kalmar Girkanci mai nufin walƙiya ya samo asali, kuma haka yake faɗowa. A daren aka yi mata allurar magniziyam salfet da ta saukar da jini, kafin asuba aka shiga da ita tiyata. Ta rayu, ɗanta ma ya rayu. Ni dai na shiga ɗakin canja kaya na sha kuka.

Da safe Anti ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ke kin san zuciya nawa Bahaushe ke da ita?" Na tsaya ina ƙirgawa. Akwai tashin zuciya, wanda amai ne ke tafe. Akwai ɓacin zuciya, wanda wataƙila kishiya ce ko maigida. Akwai zuciyar da ke bugun jini, wadda ita kaɗai littafina ya sani. Sannan ga wannan ta saman ciki, wadda kan zama olsa, ko ƙwannafi, ko hanta mai neman agaji. Haka "sanyi" yake, haka "shawara", haka "zaƙi" a bakin mai ciki.

Tun ranar na juya ɗan littafin nan, na fara cika shi daga baya: abin da mara lafiya ta faɗa, inda ta dafa, da abin da aka gano daga ƙarshe.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai aiki, wato abin da muke rubuta muku a kati. Na taɓa ganin uwa ta rushe da kuka don an ce gwajinta "negative" ne, alhali ma'anarsa ba a samu cutar da ake nema ba. Idan kin ga "bd", sau biyu a rana ke nan. "Tds" sau uku, kuma an fi so a raba shi kusan duk awa takwas, ba a haɗe shi tsakanin hantsi da la'asar ba. "Nocte" da dare, lokacin kwanciya. Maganin ruwa na yara da mililita ake auna shi, cokulan gida kuwa ba girmansu ɗaya ba, don haka ki nemi a nuna miki layin a jikin murfi ko sirinji. Idan nas ta yi miki bayani cikin sauri ba ki gane ba, ki ce ta maimaita. Wata za ta ɓata fuska, na sani, ni ma na sha yi idan layi ya yi tsawo. Ki bar ta ta ɓata, ki tambaya.

Littafin yanzu ya kusa haɗewa a tsakiya. Makon jiya wata ta zauna a gabana ta ce cikinta ne ya kwanta, shekara guda ke nan bai tashi ba. Na riƙe biro na daɗe ban rubuta komai ba. Daga baya na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, na tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, na tura ta gwajin fitsari da hoton ciki.