Gashin Layya a Yamai da Tsohon da ke Duban Iska

Duk wanda ya taɓa yin Sallar Layya a Yamai ya san yadda hayaƙi ke rufe gari tun kafin azahar. Kusan kowace ƙofar gida akwai wuta. Ana feɗe rago, a buɗe shi bisa sanduna biyu da aka giciye, a kafa shi gefen wuta har dare. Maƙwabta uku ko huɗu sukan haɗa ragunansu wuta guda. Cikin gida mata na suyar kayan ciki. Washegari a yanyanka nama, a raba, a soya saura don ya daɗe. Kwana biyu ko uku ke nan ana zaune da wuta ko'ina.

Akwai wani dattijo a wata unguwa ta bakin gari, mutumin ƙasar Dogonduci. Yunwar 1974 ce ta kawo shi Yamai yana saurayi. Ya yi dako a Babbar Kasuwa, daga baya ya koma sayar da tumaki a Turaku. Da idonsa ya ga Babbar Kasuwa ta ƙone ƙurmus a 1982. Ya ga masu rumfa biyu da uku sun wayi gari ba su da ko allura. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ya kuma ga ta Ƙaramar Kasuwa a 2012. Tun daga ta farin, wuta ba ta ƙara zama abin wasa gare shi ba. Samarin unguwa suna ce masa tsoho mai tsoron wuta. Bai damu ba.

Ran jajibere yake fara aikinsa. Yakan ɗibi ƙura ya saki, ya ga inda iska ta nufa. Ba ya yarda a haɗa wuta inda iska za ta kai tartsatsi bisa zana ko rufin bukka. Sai ya sa yara su share wurin tas, ba kara, ba leda, ba busasshiyar ciyawa. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne harawa da burgu da aka tara wa raguna bisa rumfa. Mutane sukan yanka rago su manta da abincinsa yana nan sama, ya bushe ƙayau. Shi sai an sauke shi an kai bayan gida. Daga nan ya ajiye garwa biyu na ruwa, da tulin rairayi, da felu. Ruwan nan ko alwala ba a yi da shi sai an gama suya.

Wata shekara ɗan maƙwabcinsa ya zo da kwalba a hannu. Ya ce, "Baba, itacen nan ɗanye ne, bari in ɗan zuba isans."

Tsoho ya ce, "Mai da ita inda ka ɗauko, yarona. Je ka kawo ƙirare."

Yaron ya yi fushi, amma tsoho ya fi shi gaskiya. Ba ruwan isans ɗin ba ne ke fara kamawa, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, ido ba ya ganinsa. In ya tarar da garwashi, wuta takan biyo shi har cikin kwalbar da ke hannun mutum. Mutanen Yamai ba su manta da Mayun 2019 ba, lokacin da motar dakon mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama. Jama'a sun taru suna kwasa cikin dare, ta yi bindiga, mutum fiye da 50 suka rasu nan take. Don haka mai babur da ke ajiye isans cikin ɗakin kwana, ko mai sayarwa a kwalba ƙofar gida, ya kamata ya kau da shi nesa kafin a hura wutar gashi.

Wasu sukan ce masa gobara ƙaddara ce, gobara daga kogi maganinta Allah. Yakan amsa cewa shekararsa hamsin kusa da kogin Isa, bai taɓa ganin wuta ta fito daga ciki ba. Waɗanda ya gani duka daga murhu suka fito, ko fitila, ko guntun taba, ko ashana a hannun yaro.

Zana ba ta ba mutum lokaci. A 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama ajujuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, nan Yamai. Yara ƙanana kimanin 20 suka rasu. A Nuwamban wannan shekara aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da 20. Zanar ajin nan ita ce dai zanar darnin gida, ita ce ta bukkar mai gadi da ke zaune a kangon birni, ita ce ta rumbun ƙauye. Shi ya sa tsoho ba ya yarda a toshe ƙofar gida da tabarmi da kujeru ran Salla. In abu ya faru, ta ina yara za su fita?

Akwai kuma lissafin da yake yi wanda samari ba su yi. Layya tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Lokacin da ya zo Yamai cikin ɗari ake yin ta. A 2025 farkon Yuni ta zo, a 2026 ƙarshen Mayu. Daga nan tana gangarawa cikin Mayu da Afrilu, tsakiyar bazara. Lokacin komi ya bushe, rijiyoyi sun ja baya, iskar hadarin fari kuma takan taso ba sallama. Masu gashi na shekarun nan za su fi na baya bukatar lura.

Amma ba a ƙofar gida gobara ta kusa cinye su ba, a madafa ne. Kashegarin wata Salla surukarsa ta ɗora babbar tukunya da mai da kitse, ta shiga ɗaki ba jariri nono. Mai ya yi zafi har ya kama. Wata yarinya ta ruga ta ɗauko bokitin ruwa. Allah ya sa uwargida na kusa. Ta daka mata tsawa, ta kifa faranti na ƙarfe bisa tukunyar, ta janye itace, ta ce kowa ya bar ta har ta huce. Da an zuba ruwan nan, da ya nutse ƙarƙashin mai, ya zama tururi nan take, ya watsa mai da wuta bisa fuskokinsu da rumfa. Wutar mai murfi take so, ko rairayi.

Duk da haka mai ya fallatsa a hannun yarinyar. Maƙwabta suka zo da shawara iri iri: a shafa ƙwai, a shafa man goge haƙori, a shafa toka. Uwargida ta ƙi. Ta yi ta kwarara ruwa mai tsabta bisa wurin, wajen minti 20, ta rufe da tsumma wankakke, ba ta fasa ƙurjin ba, aka kai ta gidan likita. Haka ma'aikatan lafiya suke cewa a yi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta ƙaramin yaro, ba ta zama a gida. In kuwa tufa ce ta kama, kada mutum ya ruga, gudu ƙara mata ƙarfi yake. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Kayan Salla masu santsi irin na roba sun fi muni, narkewa suke su manne da fata.

Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gaz ta shiga gidaje da yawa. Tsoho bai so ta ba da fari, amma ya ga tana rage kuɗin itace. Sharaɗinsa guda: kafin Salla a shafa ruwan sabulu bisa tiyo da bakin tukunya. In ya yi kumfa, tana yoyo. In aka ji warin gaz a ɗaki, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga.

Da dare, bayan an shigar da nama, ba ya kwanciya sai ya yayyafa wa garwashi ruwa, ya tona da felu, ya ƙara yayyafawa, ya binne da rairayi. Toka takan yi fari a sama, wuta na raye a ƙasa har asuba, yara kuma ba takalmi suke yawo. Ba ya bari a kwashi garwashin a kai ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba marar wari, mai kashe mutum cikin barci.

Lambar ƴan kwana-kwana, waɗanda ake cewa pompiye, ita ce 18. Ya sa jikansa ya rubuta ta da gawayi a bangon zaure, ya kuma koya wa yara abin da za su faɗa: sunan unguwa, da masallaci ko famfon da ya fi kusa. Yaro guda kuma aikinsa ya ruga bakin kwalta ya tsaya, don ya nuna wa motar lungun da za ta shiga.