An sa wa hajar ƙanena kwaɗo

Jama'a masu karatu, a gafarce ni, wannan mako labarin gidanmu zan ba ku, domin na tabbata akwai irinsa a gidajen da yawa daga cikinku.

Wata safiya cikin watan Nuwamba na 2023, ina shirin fita bakin aiki a Damagaram, sai salulata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga Tirmini. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce: "Yaya, an sa wa wasannin kwaɗo." Na ce masa wane irin ɓarawo ne zai shiga ɗaki ya kulle kaya maimakon ya kwashe? Ya ce ƙofa lafiya lau, na'ura tana nan, wayoyi suna nan, amma a fuskar tele, bisa kowane wasa, wani ɗan hoton kwaɗo ya fito, kome ya danna ba ya buɗewa.

Wanda ya saba bin babbar hanyar Maraɗi ya san Tirmini, ƴar tafiya kaɗan yamma da Damagaram, kafin a kai Takeita. Can aka haife mu. Ƙanena bai yi nisa a lakwal ba, ya yi kabu-kabu shekara huɗu, ya tara abin da ya tara, ya sayar da babur, ya kama ɗaki ɗaya kusa da bakin hanya. Ya sa benci biyu, da tele, da faranti biyu masu zuƙar hasken rana, da batir babba. A farkon 2023 ya tafi Kano ya sawo na'urar wasa ta hannu biyu wajen wani dillali, wanda ya rantse masa cewa ya cika cikinta da wasanni goma sha biyar, ba ya bukatar faifai ko ɗaya. Yara suna biyan dala ashirin su buga ƙwallo sau ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Da wannan dala ashirin-ashirin ɗin ake sayen hatsin gidansa, da ita aka yi sunan ɗiyarsa ta biyu.

Da na isa da la'asar na gane abin da ya faru. Wasannin nan goma sha biyar ba sunan ƙanena ke kansu ba. Suna cikin asusun wani mutum ne da ba mu sani ba, wanda dillalin ya dasa cikin na'urar, kuma ga alama ya dasa wa wasu masu saye irinsa. Muddin na'urar ba ta taɓa intanet ba, kome yana tafiya. To, yara sun matsa wa ƙanena cewa ƴan ƙwallon cikin wasan sun tsufa, wane ya bar ƙungiyarsa tun bara. Sai ya sayi forfe, ya haɗa na'urar da salularsa domin ya sauko da sabon jeri. Da ta gaisa da uwar garke, aka duba aka ga an riga an ɗauke iznin zuwa wata na'ura, sai kwaɗo ya sauka. Lambar dillali ba ta shiga. Iyakar Najeriya kuwa tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ta daga wancan gefen ba sai Maris na 2024. Ko da an buɗe, me zai kai wa alƙali? Ba shi da takarda, ba shi da shaida, kuma abin da aka ƙwace masa ba a iya ɗora shi bisa tebur.

Da dare muka je gaida Kawu, wanda ya yi fataucin gyaɗa da fata fiye da shekara arba'in. Ya saurare mu har ƙarshe, sa'an nan ya dube ni ya ce: "Kai ɗan boko, gaya mini, me yaron nan ya saya?" Na ce wasanni. Ya ce: "Ya iya sayar da su? Ya iya ba da aronsu? In ya mutu ɗansa zai gada?" Na yi shiru. A lise an koya mini kalmar Faransanci da ake kiran wannan abu, "licence", kuma aikina kullum shi ne juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, amma daren nan na rasa Hausarta. Na ce izni ne. Kawu ya ce wanda ya ba da izni yana iya janye shi. Na ce to, haya ce. Ya ce mai haya ya san ranar da wa'adinsa zai cika. Daga nan ya juya ga ƙanena ya ce: "Ɗana, ka yi cinikin biri a sama."

Maganar ta dame ni ƙwarai, domin wannan Kawun ne ya kawo mini na'urar wasa ta farko. A 1999 ne, ina da shekara goma, ya dawo daga Kano da wani ɗan akwati mai launin toka, Game Boy na kamfanin Nintendo, wanda ya riga ya sha hannu. An fara sayar da irinsa a Japan tun 1989. Kasat ɗaya ce a ciki, Tetris, wasan jera tubali da wani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro. Pil huɗu yake ci. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne, kuma waɗanda suka yi aiki a shekarun nan sun tuna yadda ake yin wata da watanni babu albashi, ga kuma karyewar sefa ta Janairun 1994 da ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga waje. Saboda haka pil ya fi nama wuyar samu. Mukan shanya tsofaffi a rana, mu ɗan cije su, mu sami minti goma. Amma kasat ɗin tawa ce. Na ba da aronta, na yi musanyarta da wata na mako guda, na karɓo abata. Yau ma tana cikin akwatina, in an sa pil tana tashi, ba ta neman iznin kowa.

Haka abin yake lokacin da muke lise, zamanin PlayStation 2 da wasan ƙwallo na PES, muna faɗa kan wanda zai ɗauki Eto'o ko Drogba. Faifai ne, in ya karce a goge da gefen riga. Mai ɗakin wasa ya san jarinsa: na'ura kaza, faifai kaza, manet kaza. In kasuwa ta ƙi, ya sayar ya koma wata sana'a.

Wannan zamani yana wucewa, kuma ba a ɓoye ake yi ba. A Nuwamban 2020 kamfanin Sony ya fito da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da ko bakin da za a sa faifai. A Yunin 2025 Nintendo ya fito da Switch 2, kuma wasu daga cikin katunan da ake sayarwa dominta ba wasan ne a ciki ba, mabuɗi ne kawai, sai ka je intanet ka sauko da sauran. Tetris ɗina duka-duka kilobait 32 ne. Manyan wasannin yau suna kai gigabait 50, wasu su wuce 100. Mai sayen forfe da jika ɗaya-ɗaya ya yi lissafi da kansa. Kantunan intanet na waɗannan manyan kamfanoni kuma ba su sa Nijar cikin jerin ƙasashen da suke ciniki da su ba, shi ya sa matasanmu ke buɗe asusu da adireshin Faransa ko Amurka, su sayi katin kuɗi wajen dillalai. Tun daga matakin farko, watau, mai saye yana tsaye ne bisa ƙasar da ba tasa ba.

Kada a ce mu kaɗai ne abin ya shafa don ba mu waye ba. A Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantin intanet na tsofaffin na'urorinsa 3DS da Wii U, wasannin da can kaɗai ake samunsu suka daina sayuwa. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe uwar garken wani wasan tseren motoci, The Crew, har waɗanda ke riƙe da faifansa a hannu suka kasa buga shi. Turawa suka fusata, suka tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025 suna neman Tarayyar Turai ta duba lamarin. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta yi doka a 2024 wadda ta tilasta wa masu irin waɗannan kantuna su gaya wa mutum a fili cewa izni yake biya, in dai za su rubuta kalmar "saya". Tambayar da Kawu ya yi mini bisa tabarma a Tirmini, ita ce ƴan majalisa suka zauna kanta a can.

Sai kuma abin da ake kira ƙari, wanda ake saukowa da shi bayan an sayi wasan. Ɗan kasuwa zai gane shi da sauri: an sayar maka da doki, amma sirdi daban, linzami daban, wata hanyar ma ba za ka bi ba sai ka ƙara kuɗi. Sabon babban wasa a Turai yana kai yuro 80, watau sama da jika 52, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da ya fara aiki a 2024, jika 42 ne. Wasu kamfanonin suka ga ya fi riba su ba da dokin kyauta. PES ɗinmu ya zama eFootball a 2021, ba a biyan kome kafin a fara. Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017 kuma ya cika salulolin yaranmu, haka yake. Kuɗin yana cikin riga da takalmi da bindiga mai ado, da ake saya da wasu "lu'ulu'u" waɗanda su ma da sefa ake sayensu. Mafi muni shi ne ƙunshin da ake biya ba a san abin da ke ciki ba, sai an buɗe a ga ko an dace. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan a 2018 ta ce caca ce. A 2022 kuma kamfanin da ke da wasan Fortnite ya amince ya mayar wa jama'a dalar Amurka miliyan 245, bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da shirya maɓallai yadda mutane, har da yara, ke biya ba da niyya ba.

Ni ma ban tsira ba. Bara ɗana mai shekara tara ya roƙe ni salula "minti biyar", kuma ni ne da hannuna na taɓa nuna masa lambar sirri wata rana da nake gaggawa. A ƙarshen wata na nemi jika bakwai na rasa. Da na tsare shi, ya nuna mini wani soja a fuskar salula sanye da jar riga, yana murna kamar an yi masa ɗinkin salla. Na ɗaga hannu, sa'an nan na tuna pil ɗin rediyon Baba da na sha zarewa a ɓoye, na sauke. Laifin nawa ne.

Ba na cikin masu cewa a hana. Na ga amfanin abin da idona. Ƙurar hunturu da ke kashe faifai ba ta iya kome da wasan da aka sauko da shi. Yaran da ke zaune bisa bencin ƙanena sun san sunayen biranen Turai fiye da yadda na sani ina aji shida, wasunsu a can suka fara haɗa kalmomin Faransanci da Ingilishi. Ɗakin kuma ya hana wani magidanci tafiya Libiya. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ɗan kasuwar da zai zuba jari a wannan harka ya riƙa tambaya irin ta Kawu tun kafin ya ƙirga kuɗi: da sunan wa aka rubuta, wa ke riƙe da lambar sirri, in na gaji zan iya sayarwa? Araha ba ta ado. Na'ura cike da wasanni goma sha biyar a kuɗin guda biyu, kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ma'aikacin da zai yi wa ɗansa kyautar cin jarrabawa kuwa ya sani kuɗin na'ura somin taɓi ne, kada ya haɗa ta da asusun da albashinsa ke shiga.

Ƙanena ya farfaɗo, amma sai da ya ci bashin jika sittin. Ya buɗe asusu da sunansa, na rubuta masa lambar sirri cikin littafin da yake ajiye takardun filinsa, ya sayi faifai uku na hannu biyu, waɗanda yake iya riƙewa ya juya. Ko wannan asusun izni ne, na gaya masa, amma dai wani dillali ba zai janye shi daga nesa ba.

Makon jiya na koma Tirmini. A ɗakin, yara suna ta harbe-harbe cikin wani tsibiri da babu shi a taswira. Na tambaye su ko sun san cewa a wannan gari, cikin Yulin 1899, dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da bindigogin Faransawa, kafin birni ya faɗi. Ɗaya ya ce ya san sunan, na lise ne. Wani ya tambaye ni a wace na'ura ake buga wannan. Na ce ba a yi shi ba tukuna. Ƴan Kamaru sun yi nasu, Aurion, tun 2016, da kayansu da tatsuniyoyinsu, saboda haka ba abu ne da ya gagari baƙar fata ba.

Da na fito na tarar da Kawu a gindin bedi, shi da abokinsa, sun haƙa gurbi talatin cikin rairayi suna dara, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu. Na zaro Game Boy daga aljihu na miƙa masa. Ya juya shi, ya gane shi, ya yi dariya ya ce: "Ashe yana nan?" Na ce yana nan, Kawu, ɗana zan ba. Ya ce: "To, wannan ka saya." Sa'an nan ya gyara: "Ni na saya." Ya mayar da kansa ga dara, domin abokin ya riga ya jera uku yana shirin cinye masa tsinke.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.